'Yar Kyaftin Ta Ƙasan Benenmu

Ranar da Kaka ta rasu, mutanenmu ba su san yadda za su yi mini gaisuwa ba. Wata ta bugo waya ta ce, "Ashe mai gidan hayarku ce ta mutu? To yanzu ina za ku koma?" Wata ta ɗauko addu'ar da aka saba, ta kai tsakiya sai ta tuna Baturiya ce kuma Kirista, ta haɗiye sauran ta ce, "Allah dai Ya ba ku haƙuri." Limamin masallacinmu ya tare maigidana bayan Azahar ya ce masa maƙwabci yana da haƙƙi ko wane ne shi, a je a yi abin da ya kamata. Autana kuwa, wanda yake jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayarwa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa, abincin ranar ma bai taɓa ba.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce Yayata 'yar Kumasi, mai shagon atamfa da turare a bayan Fordham Road. Ba ciki ɗaya muka fito ba, zaman unguwar Bronx ne ya mai da ta yayata. Ta rufe shago da rana tsaka, ta zo ta zauna a matakalar ƙofar gidan, gyalenta a ƙasa, tana ta faɗa da Hausarta ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji: "Tsohuwan nan ya tafi ya bar ni. Da wa zan yi faɗa yanzu?"

Duk cikin masu gaisuwar nan babu wanda ya san cewa mutum biyu muka rasa a ranar. Kaka ita ce ta ƙarshe a duniya da ta taɓa ganin fuskar mahaifinta, kyaftin ɗin jirgin dakon kaya da aka nutsar a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun tana yarinya take ɗauke da shi, ta kai shi har kusan shekara casa'in. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada su ɓace tare.

Mun kama haya a gidanta ba da daɗewa da zuwanmu daga Kano ba, maigidana ya sami aiki a wani asibiti. Gidan hawa biyu ne, ita a ƙasa, mu a sama. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da mutuwa. Ranar da na fara shiga falonta in karɓi makulli, sai na ga ta miƙe ƙafafunta a kan wani abu da ya sa na manta abin da ya kawo ni. Tumtum ne na jar fata. Ya tsufa, ya tsattsage, launin ya koɗe, amma ɗinkin da zanen namu ne, ko cikin barci zan gane su.

Na ce, "Wannan a ina kika samo shi?" Da Turanci muke magana, ni nake mayarwa a nan.

Ta ce, "Babana ya kawo daga Afirka kafin yaƙi. Ban san wane gari ba."

Na ce, "Ni na sani. Garinmu ne."

Ta sauke ƙafafunta a hankali kamar wadda aka kama tana taka abin mutane. Ta ce in zauna. Makullin da na zo karɓa ban fita da shi ba sai da shayi ya huce sau biyu. Ta yi mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba: fatar akuya ce ko ta rago, da me ake rina ta, yaya aka yi abin da aka ɗinka a garin da babu teku ya isa bakin jirgi. Na ce mata fatakenmu sun daɗe suna sauka Legas da kaya, ƙila a hannun ɗayansu ya saya. Ta rufe ido ta ce, "Wato ya tsaya a gaban wani mutuminku sun yi ciniki. Allah Ya sa bai cuce shi ba, don ba ya son a fi shi baki."

Abin da ya fi wannan ban mamaki ya faru ne lokacin da autana yake koyon tafiya. Ya gangaro daga matakala, kafin in sauko ta riga ni ɗaukar shi. Na same ta tana jijjiga shi tana cewa, "Sanu, sanu, sanu." Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu kowa, kalmar babanta ce, haka yake ce mata idan ta faɗi, ita duk zatonta yaren matuƙan jirgi ne. Da na gaya mata sannunmu ce ta Hausa, kuma daidai inda ake faɗarta ta faɗe ta, sai ta zauna a kan matakalar da yaron a cinyarta, ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar yarana suka fara kiranta Kaka, ita kuma take ce mini 'yata.

Kyaftin ɗin da na sani, ta bakinta na san shi, kuma gutsure-gutsure. Gajere ne mai babbar murya. Ko a gida yake cin abinci, hannunsa ɗaya yana riƙe da faranti kamar teburin zai karkace. Ya hana yin fito da baki a gidan, wai yana kiran iska. Da safe yakan duba shimfiɗar Kaka da faratanta kamar ma'aikaciyar jirginsa, in ya ga komai daidai ya sara mata. Duk dawowa sai ya shuka tumatir a gwangwanaye ya jera a taga, kuma bai taɓa zama har su nuna ba. Mahaifiyarta ce take cinye su tana mita.

Ita ma Kaka tana da nata halayen da na daɗe ban gane kansu ba. Kowace safiya sai ta saurari labarin yanayin teku a rediyo, alhali ba ta da ko kwale-kwale. Kifi kuwa ba ya shiga bakinta. Na taɓa kai mata miyar kifi, ta leƙa kwanon ta mayar da murfi ta ce, "Na gode, 'yata, amma ban san wa kakanninsa suka ci ba." Ta faɗa tana murmushi. Ni na kasa dariya, ita kuwa ta ƙyalƙyale da dariya da ganin fuskata.

A bangon falonta akwai hotonsa da hular kyaftin. Kusa da hoton, cikin gilashi, akwai wani ɗan farin ƙyalle na fata mai igiya, irin wanda ake ɗaurawa a ƙugu, da wata alama a jiki mai kama da kayan awon magina. Ni ban san ko mene ne ba. Yayata ce ta sani, ko kuma ta ce ta sani. Ranar da ta raka ni in gaishe da Kaka, tana ganinsa ta finciko hannuna, ba ta sake ni ba sai a saman bene.

Ta ce, "Ke, kin san gidan wa kike ciki? 'Yan loj ne, 'yan ƙungiyar asiri! A Kumasi in suka shiga ɗakinsu, ko kare ba ya bin layin. Ku tattara ku fita. Kek ɗin da ya ke ba yara, kada su ƙara ci."

Maigidana ya ji, shi ma jikinsa ya yi sanyi. A wurinmu duk abin da aka ce ƙungiyar asiri ce, ba a tsayawa bincike. Ya fara duba gidajen haya a waya. 'Yata ta fari kuwa, wadda muka ɗauka ba ta bin zancen manya, ta sauka ta fassara wa Kaka komai tsaf, har da maganar kare.

Washegari Kaka ta aiko a kira mata Yayata. Yayata ta zo da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Kaka ta riga ta sauke gilashin ta buɗe, ƙyallen yana kan tebur.

Ta ce, "Shigo ki taɓa. Fatar ɗan rago ce. Ba ta cizo."

Yayata ta ce, "Ba na taɓawa. Ki faɗa mini me suke yi a ɓoye, in ba mugun abu ba ne."

Kaka ta buga tafin hannu a tebur ta ce, "Ai tambayar da nake yi ke nan tun kafin a haifi uwarki! Ban sani ba. Mahaifiyata ma ta mutu ba ta sani ba, mata ba sa shiga. Abin da na sani, in ranar taronsu ta zo yakan yi aski, ya sa baƙar kwat, ya ɗauki 'yar jakarsa. Na taɓa riƙe masa wando na ce, Baba, ina za ka? Ya ce, zan je in koyi yadda ake zama mutum. Na ce, ba ka iya ba har yanzu? Ya ce, da saura."

Yayata ta ce, "To da ya mutu fa? Me suka yi?"

A nan ne na fara jin labarin mutuwar gaba ɗayansa, don a da Kaka takan kewaye shi. A lokacin, in ji ta, jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen kaya dab da gaɓar ƙasar nan, har baƙin mai yana fitowa bakin teku inda yara suke wasa. An yi wa mahaifinta tayin aiki a tashar jirage, a kan tudu. Mahaifiyarta ta roƙe shi ya karɓa. Ya ce in ya zauna, wani yaro da bai san ruwa ba za a ba jirgin, da mutanen da ke ciki. Ta ce masa su ma mutane ne, ita da 'yarsa. Suka rabu ba daɗi. Ranar tafiyar uwar ta ƙi fitowa daga kicin, Kaka ce ta raka shi zuwa kwanar layi, riƙe da hularsa.

Bayan wasu makonni aka kawo labari. Da sassafe aka harbo wa jirgin bam ta ƙarƙashin ruwa, ya rabe, bai daɗe a sama ba. Wasu sun tsira a ƙananan jiragen ceto. Biyu daga cikinsu sun zo gidan, ba tare ba. Na farko ya ce da idonsa ya ga Kyaftin ya gama sauke mutane, sannan ya koma ciki neman masu aikin ɗakin inji, bai sake fitowa ba. Na biyun ya ce ba haka aka yi ba, Kyaftin ya shiga jirgin ceto na ƙarshe, igiyar ruwa ce ta kife da su.

Na ce, "To wanne ne gaskiya?"

Ta ce, "Mahaifiyata ta zaɓi na biyu, don ta fi so a ce yana hanyar dawowa gare ta ne. Ni da ina budurwa na fi son na farko. Yanzu duka biyun nake riƙe da su. Wani lokaci ma ina tunanin ko su biyun duk ba su gan shi ba, tausayinmu kawai suka ji."

Game da 'yan loj kuwa, ta ce sun zo su da yawa, da fararen ƙyallayensu da farar safar hannu. Babu gawa, don haka suka kewaye wani tebur da babu komai a kai, kowa ya zo ya ajiye ɗan koren ganye ya wuce. Ƙyallen mahaifinta suka miƙa wa uwar, suka ce da an same shi da an binne su tare. Daga nan duk shigowar sanyi sai an sauke musu buhunan gawayin kwal a ƙofa, ba sa ganin mai kawowa. Haka har ta gama makaranta.

Ba zan ce Yayata ta gamsu ba. Har gobe tana cewa wanda ya ɓoye abu ya san abin da ya ɓoye, ni ma ban san abin da ke bayan wannan ƙofa ba, kuma ba zan yi musu shaidar abin da ban gani ba. Amma ta ci kek ɗin ranar. Maigidana ya daina duba gidaje. Daga baya kuwa Kaka da Yayata suka zama abokan faɗa na dindindin: a kan barkono, a kan farashin atamfa, a kan ko ya kamata mace mai shekarun Kaka ta fita share ƙanƙara da kanta.

Wata shekara Kaka ta ce in raka ta ƙarshen Manhattan mu hau feri, wato jirgin fito. Ashe duk shekara takan je, a watan da abin ya faru, ita kaɗai. Ba ta jefa fure a ruwa, ba ta addu'a da ƙarfi. Tsayawa kawai take a jikin ƙarfe tana kallon inda ruwan ya buɗe. Da muka sauka ta nuna mini gumakan da aka kafa don tunawa da ma'aikatan jiragen kaya, ɗaya yana cikin ruwa ya miƙo hannu a cece shi. Na zaci nan ne wurin da take so. Ta taɓe baki ta ce, "Ba shi ba ne. Babana ko yana nutsewa, umarni yake bayarwa." Muka sayi gyaɗa mai siga a hannun wani ɗan Nijar da ya ji ni ina waya da Hausa, ya ƙi barinmu mu tafi sai da Kaka ta ce masa sanu.

Faɗa na gaske sau ɗaya muka yi da ita, kuma a shekarunta na ƙarshe ne. Tana zaune ina tsefe mata gashi ta ce ta yanke shawara: in ta mutu a ƙone ta, ni kuma in kai tokar in zuba a teku, ta tafi wajen babanta. Mataji ya faɗi daga hannuna. Na ce mata wannan kam ba da ni ba, ba zan iya ɗaukar mutum a gwangwani ba, a wurinmu jikin ɗan Adam ƙasa ake mayar wa. Ta ce jikinta ne, ba nawa ba. Na ce haka ne, amma hannun nawa ne. Ta ce in fita mata daga falo. Na fita.

Muka yi kwanaki ba ma magana, 'yata ce take kai mata abinci. Rannan na ji Kaka tana buga silin da sandar tsintsiya, yadda take kirana. Na sauka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ba addininki nake tambaya ba. Ke, me ya sa ba kya so?"

Na ce, "Kaka, in kika shiga ruwa, ina za mu je mu gaishe ki? Ke da kanki kin san yadda abin yake."

Can ta ce, "Mahaifiyata takan ce da ma ko takalminsa aka samu ta binne." Ta juyo ta ce, "To ku sa ni a ƙasa. Amma a dutsen a rubuta mu biyu, sunansa a sama, nawa a ƙasa. Ya daɗe yana yawo, ya kamata ya sami adireshi."

Ta rasu da hantsi, a kujerarta, rediyo yana magana. Ɗan 'yar'uwar mijinta ya zo daga wata jiha ya yi hidimar jana'iza. Mutumin kirki ne, amma bai san komai game da Kyaftin ba sai hoton bango. A cocin, mu ne muka fi yawa, mun zauna a baya da gyalenmu da hulunanmu, ba mu san lokacin tashi da zama ba. Ya sa gidan a kasuwa, mu ma muna shirin tashi.

Da aka kafa dutsen na je ni kaɗai in gani da idona ko an cika mata alkawari. An cika. Ina tsaye sai wani dattijo mai aikin maƙabartar ya tsayar da 'yar motarsa kusa da ni, ya karanta rubutun, ya dube ni, ya sake duban dutsen.

Ya ce, "Ni na haƙa wannan. Rami ɗaya na haƙa, ga suna biyu. Ina ɗayan?"

Na ce, "Yana teku."

Ya ce, "Danginki ne?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce, "Kakar 'ya'yana ce, da mahaifinta."

Ya kashe injin motar, ya gyara zama ya ce, "Yaya aka yi?"

Na ajiye jakata a kan ciyawa na fara ba shi labari tun daga kwanar layi. Da na zo wurin mutanen nan biyu da suka tsira, na ba shi duka biyun, ban zaɓar masa ba.

Makomar Kaka da mahaifinta tana hannun Wanda Ya halicce su, Shi Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ni abin da zan iya shaida shi ne, na zauna a saman kan wannan baiwar Allah shekara da shekaru, ban ga komai daga gare ta ba sai alheri da tsiwa. Allah Ya sanyaya zukatanmu, mu kuma in tamu ta zo, Ya bar mana wanda zai tsaya ya faɗi ko mu su waye.